RUMFAR GARKA: A SAN ICCEN DA ZA A KAFA

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, aikin manomi bai ƙare ba. A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Runji, mai rijiya ko mai fili a bakin gulbi yakan koma garka. Wani ya yafa irin albasa da tumatir da kabeji. Wani kuma ya jira ɗari ya wuce, ya cika leda da ƙasa, ya reni itacen da za a dasa da damana. Dukansu biyu abu ɗaya suke tsoro, wato rana. A watan Afrilu da Mayu awon zafi yakan wuce 40 a jihar Maraɗi. Dashen da ya tsiro jiya, rana irin wannan tana iya ƙone shi kafin la'asar. Shi ya sa ake kafa rumfa.

Amma rumfa icce take ci. Tana son dirka, tana son sanduna, tana son rufi. Akwai mai sare babbar kirya don ya yi wa ƴan dashe inuwa. Kiryar nan ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka, dashen kuwa wata huɗu kawai zai yi a ƙarƙashinta. Wannan asara ce. Akwai kuma mai kafa ɗanyen icce maras ƙwari, gara ta cinye gindinsa, iskar farkon damana ta kayar da rumfar bisa dashen. Wannan ma asara ce. Don haka kafin a ɗauki gatari sai a zauna a yi shawara.

AMFANIN RUMFA

Rumfar garka tana aiki huɗu. Na ɗaya, tana rage wa ƙaramin dashe zafin rana. Na biyu, tana hana ƙasar leda bushewa da sauri, sai a rage wahalar jan ruwa. Na uku, tana tare iska da ƙura. Na huɗu, mai aiki yana samun wurin zama. Cika leda aikin zaune ne, yana ɗaukar kwanaki, kuma mata da tsofaffi da yara su suka fi yin sa. In babu inuwa, ana kai hantsi kowa ya watse.

Sai dai a sani, dashe ba ya rayuwa cikin duhu. In inuwa ta yi yawa, yakan yi tsawo siriri, ganyensa ya koɗe. Wani ma gindinsa ya ruɓe ya faɗi, don damshi ya yi masa yawa. Rumfar da ta dace da dashe ita ce mai barin rana ta ɗan ratsa, kuma wadda ake iya yaye rufinta in lokaci ya yi.

RUMFA IRI UKU CE

Ta farko ita ce gajeruwa, wadda ake kafawa bisa fangali. Tsayinta kamar mitir ɗaya, faɗinta mitir ɗaya, tsawonta daidai da na fangalin. Ba ta bukatar babban icce. Ƴan sanduna masu gwafa da karan hatsi sun isa. Mai renon albasa ko tumatir ko tattasai, wannan kaɗai yake bukata, don irin kayan miya sati huɗu zuwa shida yake yi kafin a dasa shi. Albasa takan kai kwana 45 ko 50.

Ta biyu ita ce rumfar aiki, wadda mutum ke tsayawa cikinta. A nan ake tankaɗe taki, a haɗa ƙasa, a cika leda, a yi wa mangwaro da lemo aure. Mitir 3 bisa mitir 4 ya isa gida ɗaya ko ƙaramar ƙungiya. Dirka 6 take ci.

Ta uku ɗan ɗaki ne mai ƙyaure, wurin ajiyar hauya da shebur da guga da igiya da iri. Wannan ba dole ya zama na icce ba. Na ƙasa ya fi, don ya fi sanyi, iri ba ya lalacewa cikinsa, kuma ba a sare icce ko ɗaya don gina bangonsa. Maganin ƙwari kuwa, in ana ajiye shi, sai a rufe shi wuri dabam, nesa da yara da abinci.

Mai garka ya duba aikinsa da ƙarfinsa. Mai fangali biyu bai kamata ya kafa rumfar dirka goma ba. Ƙungiya mai renon itace dubu biyar kuwa, gajeruwar rumfa kaɗai ba za ta ishe ta ba. Matan da ke asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, suna iya haɗa ƙarfi su kafa rumfar aiki guda, kowace ta yi ƴar gajeruwa bisa nata fangali na zogale ko kuka.

INDA ZA A KAFA TA

Abu na farko ruwa. A kafa rumfa kusa da rijiyar da ba ta ƙafewa da bazara. Leda 500 tana iya shan lita 100 a yini in zafi ya tsananta, wato jarka 5 mai lita 20. Wanda zai ɗauko wannan ruwa daga nesa safe da maraice, kafin wata guda ya gaji ya bari.

Abu na biyu, wurin ya zama shimfiɗaɗɗe, inda ruwa ba ya kwanciya. Masu garka a bakin Gulbin Maraɗi, daga Tibiri zuwa Gidan Runji, sun san yadda gulbi ke cika ya malala. A kafa rumfa a ɗan tudu. A nisanci suri, don inda suri yake nan gara take.

Abu na uku iska. Iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa. Hadarin damana ma galibi daga gabas yake tasowa. A yi darni ko a ɗaura zana a waɗannan sassa biyu. Tsawon fangali kuwa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, yadda inuwa za ta daɗe bisa dashen tsawon yini.

Abu na huɗu bisashe. Akuya ɗaya tana gama aikin wata uku kafin mai garka ya gama sallar azahar. Kada a kafa rumfa a bakin burtali ko kusa da mashaya, don kada a jawo rigima tsakanin mai garka da makiyayi. A yi shinge mai kyau. Shingen ƙaya kowace shekara sai an sake saro wata, wannan kuwa yana cin daji. Shinge mai rai ya fi: aguwa, ko lalle, ko bagaruwa da aka shuka kusa-kusa.

WANE ICCE?

Nan ne babbar magana. Kowane icce da halinsa, kuma tsofaffi sun san su tun kafin zuwan malaman daji.

Kirya ita ce sarauniyar dirka. Cikinta ja ne, mai nauyi, gara ba ta iya mata. Da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, da ita ake kafa gindin rumbu, gawayinta maƙera ke nema, ƴaƴanta kuma mata ke daddawa da su. Saboda yawan masu sonta, ta ragu ƙwarai a gonakin Agye da Gazawa. Manya suna mutuwa, ƙanana ba su da yawa, ga ta da jinkirin girma. Doka ma ta kare ta. Wanda ke da tsohuwar dirkar kirya daga rushasshen rumbu ko tsohon ɗaki, ya yi amfani da ita, za ta ƙara shekaru. Amma kada a kayar da mai rai saboda rumfa.

Gawo abokin manomi ne da makiyayi. Yana zubar da ganye da damana, hatsi ya yi kyau a gindinsa. Da rani ya yi ganye, ya zubo ƴaƴa, tumaki da awaki su ci. Amma iccensa bai da ƙwari. Ƙwari masu huda icce da gara suna cinye shi da wuri. Wanda ya sare gawo don dirka ya yi asara biyu: ya rasa takin gonarsa, bai kuma sami dirka ba. Ana ba da labarin sarakunan Damagaram na da suna hukunta mai saran gawo hukunci mai tsanani.

Giginya da goriba suna ba da azara mai daɗewa, musamman namiji wanda ya tsufa. Giginya ba ta da yawa a wannan yanki, daga nesa ake kawo azararta, shi ya sa take tsada. Goriba kuwa ita ce arzikin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Gazawa ya nufi Tasawa da Mayahi. Daga kaba ma gulbin ya sami sunansa. Tabarma da igiya da faifai da mata ke saƙawa duk daga gare ta suke. A sayi igiyar kaba a ɗaure rumfa, amma a bar uwar ta tsaya. Su biyun doka ta kare su.

Dogon yaro shi ne iccen da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Asalinsa daga ƙasar Indiya da kewayenta, amma yau babu garin da ba ya nan. Yana girma da sauri. In an sare reshensa, wasu da yawa su tohu a madadinsa. Iccensa wanda ya ƙosa yana da ɗan ƙwari, gara ba ta cika son sa ba kamar gawo. A kwarin Majiya, ƙasar Buza cikin jihar Tawa, an fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a shekarar 1975. Da suka girma, mutanen wurin suka riƙa datse kansu suna samun sanduna da iccen wuta, uwar kuma tana nan tana sake tohuwa. Mai dogon yaro biyu ko uku a ƙofar gida yana iya fitar da dirkokin rumfa bai kashe ko ɗaya ba.

Turare yana ba da doguwar sanda miƙaƙƙiya, ta dace da gicciyen sama. Shi ma yana sake tohuwa daga kututture. Ana samun sa a kasuwa. Sai dai in ƙarami ne gara tana cin sa, don haka ya fi kyau a sama da a cikin rami. Kuma mashayin ruwa ne. Kada a dasa shi a bakin rijiya ko gefen fangali.

Kalgo da sabara da geza su ne itacen gona na kullum. Ba su cika ba da babbar dirka ba, amma rassansu sun isa gajeruwar rumfa, sun isa jera wa a sama. Ɓawon kalgo kuma igiya ne mai ƙarfi.

Sauran katako na kasuwa, wanda ake kawowa daga kudu. Jan katako yana da ƙwari amma kuɗinsa da yawa. Fari yana da sauƙi amma abincin gara ne. Araha ba ta ado. Mai son ƙyauren ɗakin ajiya ko teburin aiki yana iya sayen katako, amma kada ya taɓa ƙasa.

Mai zaɓen dirka a kasuwa ya duba abu huɗu. Ta zama busasshiya. Ta zama da gwafa mai ƙarfi wadda ba ta tsage ba. Kaurinta ya kai kaurin ƙwabrin babban mutum. Kuma kada a ga ƴan huji a jikinta ko gari yana zubowa, don wannan alamar ƙwaro ya riga ya shiga. A ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari. In ta yi ƙara kamar ganga, cikinta rami ne, a bar ta.

INDA ICCEN ZAI FITO

Manya sun tuna lokacin da samun sanda ɗaya ya zama wahala a ƙasar nan. Bayan farin 1973 da 1974 da kuma na 1984, gonaki da yawa suka zama fili fetal. Iska ta riƙa binne shuka, manomi ya shuka sau biyu ko uku. Mata suka koma dafa tuwo da kara da kashin shanu.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin dashe. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taro a garin Maraɗi kan yaƙi da hamada. An kafa wuraren renon itace da yawa. Amma dashe mai yawa ya mutu, don ba a bi shi da ruwa da tsaro ba, kuma mutane ba su ɗauke shi nasu ba. Dokar daji ta 1974 ta sa manomi yana tsoron tara ko da bisa iccen da ke cikin gonarsa, sai wasu suka ga gara su tumɓuke shi tun yana ƙarami.

A shekarar 1983, wani malamin gona mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura da cewa ƴan tohon da ake sassabewa kowace shekara daga kututturan itace masu rai suke fitowa. Saiwarsu tana nan ƙarƙashin ƙasa. In an bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, aka share sauran, cikin ƴan shekaru su zama icce. Wasu manoma da ma sun san wannan dubara. Ita ce aka sa wa suna sassaben zamani. Ta bazu gari gari, maƙwabci yana koyo daga maƙwabci.

A ƙasar Agye, wadda Gazawa ke cikinta har shekarar 2011, furojen da asusun FIDA ya tallafa wa tun shekarun 1990 ya ƙarfafa wannan aiki. Garin Ɗan Saga ya yi suna a kai. Mutanensa sun kafa kwamitin tsaron itace, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka hana saran sata. Har baƙi daga wasu ƙasashe suka riƙa zuwa gani. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta a shekarar 2009 cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itace a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200.

Doka ma ta sake. An yi sabuwar dokar daji a 2004. A watan Yuli na 2020 kuma gwamnati ta fitar da wata doka musamman kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfanin iccen da ya rena a gonarsa. Duk da haka, kafin a kayar da babban icce, ko a taɓa irin waɗanda doka ta kare, sai a ga ma'aikacin gandun daji. Gandun gwamnati kamar Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado ba wurin saran dirka ba ne.

Abin da wannan tarihi ke koyarwa a fili yake. Manomin da ya yi sassaben zamani, iccen rumfarsa yana cikin gonarsa. Kowace shekara in ya zo gyaran rassa, sai ya ware miƙaƙƙu ya ajiye. Bai sayi sanda ba, bai kuma ji tsoron kowa ba. Sai dai a yi saran da gatari mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada reshe ya yage ɓawon uwar. Kuma kada a yi wa icce aski ƙwal. A bar masa fiye da rabin rassansa.

MAGANIN GARA

Rigakafi ya fi magani. A sare icce da rani, a ɓare ɓawonsa, a jingine shi a inuwa ya bushe kamar wata ɗaya ko biyu. Ɗanyen icce in an binne shi ruɓewa yake.

Kafin a kafa, a babbake gindin dirka a wuta har bayanta ya yi baƙi kamar gawayi. A babbake duk inda zai shiga rami, a ƙara taƙi ɗaya sama, don a daidai bakin ƙasa ne icce ke fara lalacewa. Zurfin rami ya kai santimitir 50, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. A sa dutse ko tsakuwa a ƙasan ramin, a zuba toka, a mayar da ƙasa a daddanne sosai.

Wasu suna shafa baƙin man mota. Yana korar gara, amma guba ne. Yana shiga ƙasa, yana iya kai wa ga ruwan rijiya. Cikin garka, inda ake noman abin ci, a bar shi.

Kada a tara kara ko busasshen taki a gindin dirka, don su ke kiran gara. Duk sati a zagaya a duba. In an ga ta fara gina hanyarta ta ƙasa a jikin icce, a kankare nan take.

RUFI

Karan hatsi ko na dawa shi ne rufi mafi sauƙi. A jera shi da ɗan tazara, kada a cushe. Ga yadda ake ganewa: da tsakar rana a duba ƙasan rumfa. In an ga rabi inuwa rabi haske, kamar zanen tabarma, rufi ya yi. In duhu ne baki ɗaya, a rage.

Zanar gamba ta fi kara daɗewa, kuma ana naɗe ta a ajiye. Manoman yankin nan da yawa suna barin gamba a iyakar gona. Tana riƙe ƙasa, tana nuna iyaka, tana ba da zana. Ga rumfar aiki, inda mutane ke zama, a rufe da zana sosai. Ga ta dashe, a sa sakakkiya.

Kwano bai dace da dashe ba. Yana hana haske, yana kuma tara zafi. Wurinsa ɗakin ajiya. Akwai baƙar raga ta roba da wasu furoje ke kawowa tare da ƙafafun ƙarfe. Tana aiki, amma in ta yage sai an je birni, kara kuwa kowace kaka yana nan.

A ɗaure rufi da igiya tamau. Kuma tun da kara da zana abincin wuta ne, masu dafa shayi su yi nesa da murhunsu.

AIKI A ƘARƘASHIN RUMFA

Yawancin itacen gona wata uku zuwa huɗu suke yi cikin leda. Mai son dasawa a watan Yuli, in ruwa ya zauna, sai rumfarsa ta kasance a tsaye tun watan Fabrairu, ya shuka a Maris ko farkon Afrilu. Zogale ya fi sauri, sati shida ya ishe shi. Mangwaro mai aure yakan kai shekara ko fiye.

A haɗa rairayi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a tankaɗe. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. A huda gindin leda don ruwa ya fita. A cika, a jera a tsaye, a yi ban ruwa kwana biyu ko uku kafin shuka. A sa ƙwaya biyu ko uku kowace leda. In sun tsiro a bar mai ƙarfi ɗaya.

Irin gawo da kirya da bagaruwa yana da taurin ɓawo. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin, a bar shi ya kwana, a shuka da safe. Makiyaya sun san wata hanya. Irin gawon da ya bi ta cikin akuya ko tunkiya yana tsirowa da sauƙi, sai a tsince shi a turke. Irin dogon yaro kuwa ba ya jimre ajiya. A shuka shi sabo, cikin ƴan satuttuka bayan an tsince shi.

Ban ruwa da sassafe da maraice. Duk sati biyu a ɗaga leda a sake mata wuri, a yanke saiwar da ta huda ta shiga ƙasa. In an bari ta kafu, ranar ɗauka dashen zai sha wuya, watakila ya mutu.

GA LISSAFI

Ledar da faɗinta ya kai santimitir 10 in an cika ta, guda 10 ke cika layin mitir ɗaya. Fili mai mitir ɗaya kowane gefe yana ɗaukar 10 sau 10, wato 100. Fangali mai faɗin mitir 1 da tsawon mitir 5 yana ɗaukar leda 500.

Gajeruwar rumfar da za ta rufe shi tana son ƙafa 4 kowane gefe, wato 8. Kowace ƙafa tsawonta mitir ɗaya da santimitir 30, don santimitir 30 zai shiga ƙasa. Rumfar aiki mai mitir 3 bisa 4 tana son dirka 6, kowace mitir 2 da rabi. Sai dogayen sanduna 2 masu mitir 4, da na gicciye 5 ko 6 masu mitir 3 da ɗan ƙari.

Ɗaliban makarantar yaƙi da jahilci suna iya gwada wannan bisa allo: in gari yana son dashe 2.000, fangali nawa za a yi, ƙafa nawa za a nema, jarka nawa za a ja kowace rana? A tuna kuma ba duk leda ke tsira ba. Mai son 500 ya cika 600.

RANAR YAYE INUWA

Aikin rumfa yana da iyaka. In dashe ya yi ganye huɗu ko shida, a fara rage rufi kaɗan kaɗan. Da farko a buɗe safe da maraice. Bayan sati a bar rufi tsakar rana kawai. Wata ɗaya kafin dasawa, a yaye duka, a kuma rage ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dashen da ya saba da rana tun yana cikin leda shi ke jimre gona. Wanda aka ɗauko daga inuwa kai tsaye, kwana uku ganyensa ya ƙone.

A dasa bayan ruwa mai yawa, da maraice. A yanke leda a cire ta, a tattara ta wuri ɗaya, don bisar da ta ci leda tana iya mutuwa. Ranar 3 ga watan Agusta ita ce ranar dashen itace a Nijar, amma in ruwa ya zauna tun Yuli, babu dalilin jira. Iccen da aka dasa da wuri yana shan damana duka.

Da an kwashe dashe, a naɗe zana a shigar da ita ɗaki. A tuge ƙafafun gajeruwar rumfa, a ɗora su bisa duwatsu inda ba su taɓa ƙasa. Baɗi za a same su.

Cikin leda 500 ɗin nan kuma, mai garka ya ware goma na dogon yaro ya dasa a bayan gida ko gefen fili, ya ware biyar na kirya ya dasa a gona ya yi musu shinge. Dogon yaron zai ba shi dirkokin rumfa cikin ƴan shekaru. Kiryar ta ƴaƴansa da jikokinsa ce. Mai neman ƙarin bayani ya je wurin ma'aikacin gandun daji ko malamin gona na Agye, ko Gazawa, ko Gidan Runji, ko kuwa ya tambayi tsofaffin garinsu waɗanda suka riga shi sassaben zamani.